Tekun Zinyau

Gajere direba ne ɗan direba. Wata tsohuwar bas gare shi, kullum yana hanya tsakanin tashar Rano da Kano ta Bunkure. Ba ya shan taba, ba ya caca, goro ma sai an ba shi kyauta yake ci. To amma Allah ba ya barin bawa haka siddan, sai ya jarrabe shi da wani abu. Shi Gajere da duwatsu aka jarrabe shi.

Ba duwatsun da ake sayarwa ba, balle a ce neman arziki yake. Ina ma. Duwatsu dai irin waɗanda kowa ke takawa ya wuce. Yana cikin tuƙi, mota cike da masu sauri, sai ka ji ya taka birki ya gangara gefen titi. Fasinja su ɗauka taya ce ta yi faci, ko fitsari ne ya matse shi. Sai a ga mutum ya tsallaka kwalbati, ya sunkuya, ya dawo yana goge wani abu da bakin riga, fuskar nan kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. A gida kuwa ɗaki guda ya ware musu, ya kafa katakai ya jera su, na Rurum daban, na Kibiya daban, masu ƙyalli daban. Kowanne ya san inda ya tsince shi. Matarsa Luba ta yi faɗan, ta yi lallashin, ta kai ƙara wurin yayyensa, daga baya ta haƙura ta riƙa ajiye tukwanenta a ƙarƙashin katakan.

A tasha akwai Dalhatu ɗan kamasho, abokinsa tun na makarantar allo, wanda ya laƙaba masa suna Farfesa. Duk ranar da Gajere ya zo da sabuwar tsintuwa yana nuna wa direbobi, Dalhatu zai karɓa da hannu biyu, ya jujjuya, ya shinshina, ya kara a kunne, sannan ya miƙa masa cikin ladabi ya ce, “Farfesa, na gama bincike. Dutse ne kawai.” Sai tasha ta ɗauki dariya. Shekara da shekaru ana wannan wasa, kuma babu ranar da bai yi wa Gajere ciwo ba. Ba kuɗi yake nema ba, ba sarauta ba. So yake wata rana mutum ya dube shi ya yarda cewa ya san abin da yake yi, ba taɓin hankali ba ne.

A gidan akwai mahaifiyarsa, Inna Hansatu. Ta tsufa tukuf, yanar ido ta rufe mata gani, ga sanyin ƙashi da ya sa ruwa ya zame mata abokin gaba, don haka ta daɗe da taimama take salla. Tana da wani dutse nata na taimama a cikin ɗan tsumma kusa da matashinta. Da aka yi wa ɗakinta sabon daɓen siminti aka fitar da kaya aka share, dutsen ya yi ɓatan dabo. Aka duba ƙarƙashin gado, aka zazzage akwati, babu. Gajere ya shiga ɗakinsa ya zaɓo mata wani cikin na Rurum, mai kaushi kamar bayan kada, ya ajiye mata. Ta shafa ta ce, “Ba kamar nawa ba.”

Ya ce, “Haba Inna, dutse ai dutse ne.”

Shi ne fa ya faɗi wannan da bakinsa, mutumin da in Dalhatu ya faɗa sai ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi. Inna ba ta sake tayar da maganar ba. Shi kuma dama gaisuwarsa daga bakin ƙofa ce, yana riƙe da makullin mota: an tashi lafiya, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, sai na dawo.

Gajere yana da gona a Zinyau, ta gado, ita ke ciyar da gidan daga kaka zuwa kaka. Da bazara, kamar yadda aka saba, ya sa aka kwashe jujin bayan gida, toka da shara da kashin awaki, aka loda a a-kori-kura aka kai gonar aka watsa. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kowa ya ɗauki iri. Shi ma ya ajiye mota ya tafi da dawarsa a buhu. Ko rami ɗaya bai sara ba ya hango wani farin abu da ruwa ya wanke a tsakiyar gona.

Dutse ne da ya cika tafin hannu, ruwan toka mai haske, ba irin na ƙasarsu ba. Da ya juya shi sai ya ga wani abu a nannaɗe a jikinsa, girmansa bai fi goro ba, kamar ƙahon rago, da layi-layi a jere tun daga baki har cikin cibiya. Ga santsi kamar an shafa masa mai. Gajere ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya taɓa ganin irinsa a waya, a wani bidiyo da ake bayanin halittun teku da suka mutu tun kafin a yi mutane, suka zama dutse. Ya dubi gabas, gonaki. Ya dubi yamma, gonaki da wata akuya. Ya ce a ransa, ashe nan teku ne.

Ya ɗauki buhun irinsa ya koma gida bai shuka ko ƙwaya ba.

Luba ta ga buhu ya dawo yadda ya tafi, ta ce, “Baban Murja, lafiya?”

Ya ce, “Ba za a yi shuka a gonar nan ba tukuna. Ba za a sa mata garma ba, kada shanu su farfasa abin da ke ƙasa.”

“Me ke ƙasan?”

Ya buɗe gwangwanin madara da ya shimfiɗa wa auduga, ya nuna mata daga nesa, bai bari ta taɓa ba. Ya yi mata bayanin teku, da yadda igiyar ruwa ta goge dutsen har ya yi santsi, da yadda in aka tabbatar, malaman jami’a za su zo da motoci, a kafa allo a bakin gonar. Luba ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “To in an kafa allon, shi za mu tuƙa?”

Inna kuwa bai nuna mata ba. Ya ce mai yana a ido me za ta gani.

Daga ranar Gajere ya raba yininsa biyu. Da safe ya yi lodi ɗaya zuwa Kano, da ya dawo sai ya jefa diga da shebur a bayan bas ya nufi Zinyau. Ya haƙa nan, ya haƙa can. Maƙwabtan gona suna noman farko, shi yana cikin rami. Dawar mutane ta kai gwiwa, tasa gonar ta koma kamar inda gafiyoyi suka yi taro. Abin da ya tono kuwa, ban da tsakuwa da jar ƙasa: tsohon silifa wari guda, mataccen batir, da murfin kwanon sha. Da ya zo da murfin gida Luba ta karɓa ta ce, “Wannan ai nawa ne, tun bara nake nemansa.” Mai hankali da ya tsaya nan ya yi tunani. Gajere ya ce wannan na sama-sama ne, abin da yake nema yana can ƙasa.

Labari ya kai tasha, dama ina zai tsaya. Dalhatu ya samu abin yi. In yana kiran fasinja sai ya ce, “Kano, Kano, saura mutum biyu. Masu zuwa bakin teku kuma ku jira Farfesa.” Da ya ji labarin silifa sai ya ce lallai kifayen zamanin da ’yan gayu ne. Wani direba ya ce in ruwa Gajere ke so ai ga dam ɗin Tiga nan kusa, ba sai ya lalata gonar ubansa ba. Wannan maganar ta gonar uba ita ta fi shigarsa, don ya san da gaskiya a ciki. Yana wucewa ta gonakin mutane kore shar, gabansa na faɗuwa. Ya san in abin nan ya tashi a banza, bana sai ya auni hatsi a kasuwa kamar baƙo, kuma sunan mahaukaci ya zauna masa ke nan har jikoki.

Rannan Dalhatu ya ja shi gefe, ba dariya a fuskarsa, ya ce, “Gajere, tsakani da Allah, ka kai abin nan wurin waɗanda suka sani. In sun ce dabba ce, ni da bakina zan tsaya a tsakiyar tashar nan in ce na yi kuskure. In sun ce dutse ne, ka je ka rufe ramukan nan tun ana samun lokacin shuka wake.”

Gajere ya ce ya yarda. Tsoro ne dama ya hana shi zuwa tun farko, amma wannan bai faɗa wa kowa ba.

Ya sa farar shaddarsa ta Juma’a, ya sauke fasinja a Kano, ya bar motar a tasha ya hau ɗan sahu zuwa jami’a. Ya sha tambaya kafin ya samu sashen masu ilimin duwatsu. Aka nuna masa ofishin wata Dakta Sadiqa. Ya yi zaton zai ga dattijo mai furfura, sai ya tarar da mace da ba ta wuce sa’ar ƙanwarsa ba, da gilashi, tana cin gyaɗa a kan takardu. Ya ɗan ji ba daɗi. Amma da ya ga bangon ofishin, katakai ne tun daga ƙasa har sama, duk duwatsu a jere, sai ya ji kamar ya shigo gidan dangi. Ga mace ana biyanta albashi a kan abin da ake kiransa mahaukaci dominsa.

Ta ba shi kujera ta ce, “Baba, me ke tafe da kai?”

Ya buɗe gwangwani. Ta goge hannu ta ɗauka, ta sa wani ɗan madubi a ido ta daɗe tana dubawa. Ta ɗiga wani ruwa a gefen dutsen, wurin ya yi ’yar kumfa. Gajere dai ya zuba mata ido.

Ta ce, “Ma sha Allah. Ka san abin da ka tsinta?”

“Ina zaton dabbar teku ce, ranki ya daɗe.”

“Ita ce. Sunanta amonayit. Tana da ƙoƙo kamar na dodon koɗi, tana yawo a cikin teku. Irinta sun ƙare tuntuni. Wannan ta kai shekara miliyan casa’in ko kusa da haka.”

Gajere ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ya ce, “Wato naman ne ya bushe haka?”

“A’a. Babu nama, babu ƙashi, ƙoƙon ma ya narke tun tuni. Laka ce ta cika gurbin, ta daskare ta ɗauki siffar. Abin da ke hannunka yanzu dutse ne tsantsa, sai dai dabba ce ta ba shi kamanni. A ina ka same shi?”

Ya gyara zama ya ce, “A gonata, a Zinyau, ƙasar Rano.”

Ta cire madubin daga ido ta ce, “A’a.”

“Wallahi a can na tsince shi.”

“Ban ce ƙarya kake ba, Baba. A can ka tsince shi, amma ba ɗan can ba ne. Duwatsunku na Rano da Kibiya daga wuta suka fito, can ƙarƙashin ƙasa, kuma sun girmi wannan dabbar nesa ba kusa ba. Ba a samun irin wannan a cikinsu, ko za ka haƙa har ka gaji. Wannan farin dutse ne irin wanda ake siminti da shi. A ƙasar Gombe suna nan birjik.” Ta jawo wata durowa. Ga su nan a kwance, manya da ƙanana, wani ma ya kai faranti. “Wani ne ya ɗauko shi ya kawo muku.”

Gajere ya dubi durowar. Ya yi ƙarfin hali ya ce, “To santsin fa? Ba igiyar ruwa ce ta goge shi ba?”

Ta shafa da babban yatsa ta ce, “Dubi nawa, duk da kaushinsu. Naka gefe ɗaya ne ya yi santsi, har ya ɗan yi duhu. Wannan ba aikin ruwa ba ne, aikin hannu ne. Wani ya yi shekaru yana shafa shi.” Ta mayar masa a gwangwani. “Amma idonka yana da kyau. Mutum dubu za su taka shi su wuce.”

Ya yi godiya ya fito. A hanyar komawa bai tsaya ko sau ɗaya ba, har wata fasinja da ta saba da shi ta tambaya ko ba shi da lafiya. Lissafi yake. Dakta ta faɗi magana biyu, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci, kuma babu wanda ya ji sai shi. Dalhatu cewa ya yi in dabba ce zai ba da haƙuri. To dabba ce. Zancen Gombe kuwa, wa ya tambaye shi? Kafin ya wuce Bunkure ya gama yanke shawara, ya ninke rabi na biyun ya sa a aljihu.

Da ya shiga tasha bai ko kashe mota ba ya leƙo ta taga ya ce, “Ina Dalhatu? Dakta ta duba da madubi. Dabbar teku ce, shekararta miliyan casa’in. Har suna gare ta.”

Aka taru. Ya faɗi sunan, ya maimaita, wasu suka gwada faɗa suka kasa. Dalhatu, a ba shi abinsa, mutum ne mai cika alkawari. Ya cire hula ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce, “Jama’a ku shaida, na yi kuskure. Ba dutse ba ne kawai.” Mai shayi ya haɗa wa Gajere shayi mai kauri kyauta. Abin da ya yi shekaru yana jira ke nan, ga shi ya zo, amma shayin ya ƙi wucewa da daɗi. Ya dai shanye.

Ya isa gida gab da la’asar. Luba na tsakar gida tana tankaɗe, Inna kuma an shimfiɗa mata tabarma a inuwar bakin ɗakinta. Gajere ya tsaya a tsakiya ya sake zuba labarin da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji ta katanga: madubi, kumfa, miliyan casa’in, Dalhatu da hula a hannu. Luba ta ce, “To madalla. Yaushe masu allon za su zo?” Ya ce ana shiri.

Inna ta juyo da fuska wajen muryarsa ta ce, “Wai ni wannan abu da ake ta magana tun farkon damina, ba za a ba ni in ji ba?”

Yau ranar farin ciki ce, sai ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ya durƙusa ya fito da dutsen daga auduga ya ɗora mata a tafin hannu, yana cewa ta riƙe da kyau.

Hannun ya rufe a kansa. Ba ta jujjuya shi ba, ba ta lalube shi ba. Babban yatsanta ya tafi kai tsaye kan nannaɗen, ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya har cibiya, kamar mai jan carbi. Dutsen ya zauna a hannunta daram.

Ta ce, “Allah sarki. A ina ka gano min shi?”

Gajere ya ce, “Me?”

“Dutsena mana. Na taimama.” Ta kai shi ƙirji. “Na Alu ne, ubanka. Lokacin da yake jan babbar mota yana ɗauko siminti daga wajen Gombe ya tsinto shi. Ya ce hanya ba ruwa ko’ina, sai ya ajiye shi a gaban mota saboda salla. Yana yi min wasa wai Allah ne ya zana masa taya a jiki don ya san na direba ne. Da ya rasu, shi da hularsa da carbinsa aka kawo min. Kai lokacin kana Legas kana karen mota.”

Luba ta ajiye rariya. A hankali ta ce, “Sharar ɗakin Inna ai a juji muka zuba. Jujin kuma…” Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskar mijinta. Luba tana da baki, amma ba muguwa ba ce.

Gajere ya kasa tashi daga durƙuson. Shi ya biya a-kori-kurar da ta kai tekun Zinyau gona. Shekarun da dutsen nan ya yi a gidan, taku kaɗan daga ɗakin da ya tara na Rurum da na Kibiya, bai taɓa cewa Inna mu ga naki ba. Ya dubi tafin hannunta, ya ga yadda na Rurum ɗin da ya ba ta ya kakkarce shi, fatar ta yi fari-fari. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko a tasha.

Inna dai murna take, tana ta shafa abinta. Can sai hannun ya tsaya. Murmushin ya ɗauke.

Ta ce, “Tsaya. Me na ji kana faɗa yanzu? Ka ce dabba ce?”

Ta janye dutsen daga ƙirjinta.

“Dabba ce ta mutu a ruwa, ba wanda ya yanka ta?” Ta juyo wajensa. “Gajere, kada dai da mushe nake taimama duk shekarun nan. Ubanka ma da shi ya yi ta yi a hanya. Sallolinmu fa? Ni yanzu ina na ga ƙarfin ramawa, shi kuma yana ƙasa.” Ta buɗe hannu, dutsen na kwance a tafinta, ta kasa riƙewa ta kasa yarwa.

Ga Luba a tsaye. Ga katanga, wadda ya tabbata akwai kunnuwa a bayanta, don shi ya tara su da kansa. Duk abin da ya faɗa yanzu, kafin magariba ya isa tasha, wurin mai shayi, wurin Dalhatu da ya cire hula. Gajere ya matsa kusa da Inna. Ya sa hannu biyu ya naɗe yatsun Inna a kan dutsen.

Ya ce, “Dutse ne, Inna.”

“Ka ce an duba da madubi.”

“An duba. Babu nama, babu ƙashi, babu komai na dabba a jikinsa. Laka ce ta daskare ta yi wannan zanen. Daga Gombe yake, irin wanda ake siminti da shi, suna can birjik.” Ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka katanga. “Dutse ne kawai.”

Inna ta auna maganar. Ta ce, “Ko a aika a tambayi Malam?”

“A tambaya in kina so. Amma ni na gaya miki.”

Ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗunta suka saki. Ta ce, “A’a, ba sai an aika ba. Tunda kai ka faɗa, na yarda. Duk garin nan wa ya kai ka sanin dutse?”

Aka kira la’asar. Inna ta ajiye dutsen a kan tabarma, ta yi bisimilla ta ɗora tafukanta a kai. Gajere ya ɗauke na Rurum ɗin daga gefen matashinta, ya tsaya da shi a hannu bai san inda zai kai shi ba. Luba ta wuce shi ta shiga ɗaki, ya ji tana jan buhun irin wake daga ƙarƙashin katakan.